Akun da Inna ta Bari

Shafi na 19

Masu turo saƙo cewa Yaya ba ta da imani, an gani. Ku karanta wannan tukuna. Wanda bai taɓa ɗaga majinyaci ya sauya masa shimfiɗa ba, ya rage gudun harshensa.

*

Kwana goma sha biyu da rasuwar Inna, kwana goma sha biyu kejin akunta na lulluɓe da tsohon zanen gado.

Yaya ce ta lulluɓe shi. Ita ce babbar 'yar Inna. Ita ce ta kwaso keken ɗinkinta daga shago ta dawo gidan nan shekara shida da suka wuce, ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohuwar. Yanzu jinya ta ƙare. Mai gidan haya yana son ɗakunansa ƙarshen wata, an ɗaure komai cikin kwalaye. Abu ɗaya ya rage wanda ba ya shiga kwali.

Shi ya sa ta kira mai sayar da tsuntsaye, ta ce ya zo ƙarfe tara. Ƙaninta Auta ya ce sai azahar zai iso da mota su kwashe kaya. Kafin azahar an gama.

Tsohon ya zo a kan kekensa, ya jingina shi a bango, ya yi sallama. Yatsunsa duk tabon cizo ne. Ta kai shi ɗakin Inna, inda babu sauran komai sai gadon ƙarfe ba katifa, da kwalaye, da kejin a kan tebur gefen taga.

"Ba sayarwa zan yi ba, Baba. Kyauta na ba ka. Ka ɗauka kawai."

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau.

"Aku mai magana? Kyauta?"

"Kyauta."

"Shekarata arba'in a wannan sana'a, 'yata. Duk wanda ya ba ni aku kyauta, ko akun ne ba lafiya, ko mai shi."

Kafin ta sami amsa, aka danna hon a ƙofar gida.

Ta san hon ɗin.

Auta ya shigo yana kaɗa makullin mota a yatsa, matarsa Maman 'Yan Biyu na biye da shi da igiya da ledoji.

"Yaya, ina kwana. Sammako muka yi, na ce gara mu kwashe kafin rana ta buɗe." Ya tsaya cak. "Baba, sannu. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Tsuntsu aka kira ni in ɗauka."

"Wane tsuntsu?"

Auta ya dubi kejin, ya dubi yayarsa.

"Ɗan Jarida? Yaya, Ɗan Jarida za ki bayar?"

Sunan da Inna ta sa wa akun ke nan, don duk abin da aka faɗa a gidan sai ya watsa shi. Mahaifinsu ne ya kawo shi tun Auta na firamare. Mahaifin ya tafi, akun ya zauna.

"Ɗaki ɗaya zan koma a bayan shago," in ji Yaya. "Ina zan kai shi? Ga ihu, ga kashi, ga ɓawon gyaɗa ko'ina."

"Ni ban mutu ba ai. Da sai ki tambaye ni."

"Kai da ba ka wuni a gida? Wa zai kula da shi?"

"Ga Maman 'Yan Biyu."

Matar ta ja da baya har ta taka kwali.

"Ni? Wannan da ya kusa cire min ɗan kunne har da kunnen? Haba Baban 'Yan Biyu, ka tambaye ni mana kafin ka ba ni aiki."

"Za ki saba." Ya juya ga yayarsa, muryarsa ta sauka. "Yaya, na bincike wayata kaf. Hotunan Inna sun fi hamsin. Muryarta ko ta daƙiƙa ɗaya babu. Tsuntsun nan kaɗai ya rage da muryarta a duniya. Shi za ki ba baƙo ya kai kasuwa, ba tare da na sani ba?"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ke tsorata ta.

Domin ba muryar Inna kaɗai ce a bakin akun ba. Akwai tata.

Akwai wata magana da Yaya ta riƙa faɗa a ɗakin nan idan ƙofa na rufe. Masu ta'aziyya sun cika gidan nan suna sa mata albarka. Ga 'ya ta gari. Shekara shida ko tsaki ba ta taɓa yi ba. Ta sunkuyar da kai tana amsawa da amin, kunnenta ɗaya na kan kejin da ta rufe. Idan tsuntsun nan ya kwana a gidan Auta, kafin mako ya zagayo duk dangi sun ji.

"Ka bar shi a rufe," ta ce, don ta ga hannunsa ya nufi zanen. "Haske na firgita shi."

Auta ya yaye zanen.

Maman 'Yan Biyu ta dafe baki.

Akun na tsaye a kan sandarsa, toka-toka, da jar wutsiyarsa. Amma ƙirjinsa tsirara yake, fata jajur. Gashin da ya kamata ya rufe ta yana zube a ƙasan keji, cikin ɓawon gyaɗa. Ya ƙifta ido, ya karkata kai yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya kalli gadon.

Tsohon ya matso, ya durƙusa da kyar.

"Kwana nawa yana rufe?"

"Ina buɗewa in ba shi abinci da ruwa."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan."

"Sha biyu."

"Innalillahi." Ya girgiza kai. "Wannan ba ciwo ba ne. Shi ya fige kansa da bakinsa. Mutuminsa ya ɓace, ba wanda zai iya yi masa bayani, sai kuma aka kashe masa rana. Ko ni aka yi wa haka sai na tsige gemuna."

Yaya ta kau da kai.

"Kai kuma ɗana," tsohon ya dubi Auta, "kafin ka ce kana so, bari in faɗa maka abin da nake faɗa wa kowa, ko zai hana ni ciniki. Shekararsa nawa?"

"Ashirin da huɗu. Ko da biyar."

"To zai iya ƙara talatin. 'Yan biyunka za su yi aure yana nan. Babban aku ba ɗan tsako ba ne, ya riga ya gama zama abin da zai zama. Zai ciji yaranka. Zai yi ihu lokacin da ka fi son shiru. Ba ya zaman kaɗaici. In kuka kulle shi kuka fita aiki, gashin da ya rage ma zai fige. Kuma ba dole ya so ka ba. Yana iya shekara a gidanka yana cin gyaɗarka bai ɗauke ka mutum ba."

"Ka ji ko?" in ji Maman 'Yan Biyu. "Suruki za ka kawo min, ba tsuntsu ba."

"In kai ka ɗauka fa, Baba?" Auta ya tambaya.

"In rataye shi a shago cikin kanari da tattabaru. Masu saye ƙanana suke so, waɗanda za su koya wa sunan 'ya'yansu. Wa zai sayi tsohon aku mai tsiraicin ƙirji? Irinsa ba su cika kai shekara a wurina ba." Ya waiwayi Yaya. "Ban ɓoye miki ba, 'yata. Ki san abin da kike bayarwa, da inda za shi."

Sai aka yi tari a ɗakin.

Tari biyu a jere, da ɗan nishi a ƙarshe.

Duk suka juya ga gadon da babu kowa a kai.

"Sannunku da zuwa," in ji akun. "Ku shigo mana, ku shigo. A kawo musu ruwa."

Muryar Inna ce sak, ta lokacin da take da lafiya, lokacin da take tsaye a tsakar gida da tsintsiya a hannu. Auta ya ja da baya. Ya zauna a kan kwali, zanen na hannunsa, ya tura fuskarsa a ciki.

"Inna," ya ce. "Wayyo Inna."

Akun ya taka zuwa ɗaya gefen sandar. Ya buɗe baki kuma. Wannan karon muryar ta yi nauyi, harshen na jan ƙafa, irin yadda ciwo ya bar ta.

"Auta ya kira?"

Auta ya ɗago.

"Auta ya kira? Duba min wayar. Auta ya kira?"

Maman 'Yan Biyu ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ta haɗiye ta.

Da Yaya ta yi shiru a nan, da ya fi mata. Amma abin da mutum ya daɗe yana dannewa ba ya neman izini kafin ya fito.

"Kullum bayan la'asar," ta ce. "Ni ce mai cewa layi ne ba kyau, Inna. Ma'aikacin kamfanin waya guda, amma layinsa kullum ba kyau."

"Ina kira!"

"Ran hutu. Minti biyu. Yaya jiki, Allah ya sauwaƙe, ga yara ku gaisa."

"Ina zuwa ai."

"Da lemo da ayaba, a ɗauki hoto, a tafi kafin lokacin wanka ya yi."

"Yaya, ya isa." Ya share fuska da zanen. "Tsuntsu ne. Wataƙila sau ɗaya ya ji ta faɗa ya kama."

"A'a, ɗana," in ji tsohon, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ka yi haƙuri, amma ba haka suke ba. Da wuya aku ya riƙe maganar da ya ji sau ɗaya. Wadda aka yi ta yi yake riƙewa, yau, gobe, jibi, har ta zauna masa. Abin da ka ji a bakin aku, ka san ya zama abincin gidan."

Auta ya sunkuyar da kai.

Yaya kuwa ta saci kallon kejin. Maganar tsohon ba Auta kaɗai ta kama ba.

"To tunda an ji murya, a rufe shi," ta ce. "Miƙo zanen."

"A bar shi ya sha iska mana."

"Na ce miƙo."

Maman 'Yan Biyu ba ta son tsayawa tsakanin miji da yayarsa. Ta ajiye igiya ta shiga neman abin yi. Ta leƙa ƙarƙashin gado.

"Yaya, an manta wannan. A haɗa da kayan kicin ko a bayar?"

Ta jawo bahon ƙarfen da ake yi wa Inna wanka a ciki. Gefensa ya bugi ƙafar gadon.

Ƙwal.

Akun ya miƙe tsaye. Gashin wuyansa ya tashi.

Yaya ta san abin da ke biyo bayan wannan ƙara. Ta yi tsalle ta kama zanen, amma ɗaya gefen na naɗe a hannun Auta.

"Na gaji da ke!"

Murya ce mai kaifi, a sama, tana rawa. Babu mai bukatar a gaya masa ta wace ce.

"Wallahi na gaji da ke! Na gaji!"

Sai ƙarar ƙofa. Garam! Har da 'yar karkarwar sakata, daga maƙogwaron tsuntsu.

Yaya ta fizge zanen ta jefa a kan kejin.

A waje wani mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa. Maman 'Yan Biyu na tsugune da bahon a hannu, ta rasa ko ta ajiye ko ta riƙe.

"Da shi nake," in ji Yaya. "Da akun nake. In ya dame ni da ihu ina tsakiyar aiki."

Tsohon ya dubi ƙasa.

"Ai dole," Maman 'Yan Biyu ta karɓe da sauri. "Tsuntsun nan da surutu, ko ni ce sai na faɗa masa abin da ya fi haka. Baban 'Yan Biyu, tashi mu fara ɗaura kaya."

Auta bai tashi ba.

"Yaya."

"Me?"

"Tun ina firamare, kai ake ce wa Ɗan Jarida a gidan nan. Kai, yi mana shiru. Kai, sauka daga nan. Ke da bakinki yanzu kika ce da shi kike." Ya ɗago ido. "Abin da na ji ba kai ba ne. Ke na ji."

"Baban 'Yan Biyu..."

"Ki bari." Bai ko kalli matarsa ba. "In an rufe ƙofar nan, Yaya, mace nawa ce a ɗakin nan?"

Ƙarya ta tafi da nisa, kalma ɗaya ta tare ta.

Yaya ta zauna a bakin gadon, a kan wayoyin ƙarfen da babu katifa. Ta dubi hannayenta. Fatar ta tsattsage saboda sabulu da ruwan zafi.

"Da Inna nake."

"Uwarmu."

"Uwarmu."

"Sau nawa?"

"Ka ji abin da Baba ya ce."

Auta ya miƙe tsaye, ya je taga, ya dawo.

"Ke da mutane ke cewa ko tsaki ba ki taɓa yi ba. Ina zaune a gefenki ana faɗa, kina cewa amin."

"Me kake so in ce? In ce a'a, ku tsaya in gyara muku?"

"Tana kwance. Ba ta iya tashi ta bar miki ɗakin. Ba ta iya toshe kunne ma, hannu ɗaya gare ta!"

"Na sani! Ni na fi ka sani!" Muryarta ta fashe. "Ka san nauyin Inna? Ba ka sani ba, ba ka taɓa ɗaga ta ba. Ni na sani. Bayana ya sani. Sau shida a yini nake juya ta don kada gyambo ya fito. In wanke ta tas, in sauya zane, in zauna a kan keke, ban kai ƙarshen hannun riga ba sai ta kira, ta sake ɓatawa. In ba ta magani ta tofar min a fuska, ta ce ɗaci. Masu kawo ɗinki suka watse ɗaya bayan ɗaya, wa zai jira wata uku a kan riga ɗaya? Ƙawayena suka daina zuwa, wai gidan na wari. Bahon nan da matarka ke riƙe da yatsa biyu, ni sau dubu nawa na ɗauke shi?"

Maman 'Yan Biyu ta ajiye bahon a hankali.

"Kin taɓa dukanta?"

"Allah ya tsare ni! Ban taɓa ba. Ko da wasa."

"In kin faɗa mata hakan, me take cewa?"

"Ba ta cewa komai. Bango take kallo." Yaya ta goge hanci da gefen mayafi. "In buga ƙofa in fita. In tsaya a bakin famfo in yi kukana. In dawo in wanke ta, in shafa mata mai. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban taɓa ba. Kullum ina cewa gobe zan roƙe ta gafara. Ranar da ta rasu ma da safe na faɗa mata. Da rana na shigo da kunu... na shigo da abinci, na tarar ta tafi."

Gajiya ba ta halatta wa ɗa wannan kalma ga uwarsa. Wannan babu gardama a ciki, kuma Yaya ba ta nemi a yi mata gardama ba. Amma duniya cike take da masu hukunta wanda ya ɗauki kaya don ya yi nishi, alhali hannayensu na aljihu. Auta ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna abin da tsuntsun ya faɗa a kansa, ya rufe.

"Shi ya sa kika rufe shi," ya ce daga baya. "Shi ya sa kyauta."

"Shi ya sa." Ta juya ga tsohon. "Baba, ka ɗauke shi don Allah. Yanzu babu abin ɓoyewa, amma ba zan iya ba. Ba zan iya jin kaina shekara talatin ba."

Tsohon bai motsa ba. Yana kallon kejin da ke rufe.

"'Yata, in tambaye ki. Duk lokacin da ya yi wannan maganar, me kike yi?"

"In rufe shi."

"A daidai ina?"

"Da ya buga ƙofar."

"Kullum?"

"Tun Inna na da rai. Da na ji ya fara daga falo, sai in rugo in jefa masa zane."

"To ba ki taɓa barinsa ya ƙarasa ba."

Yaya ta dube shi.

"Ya ƙarasa me?"

"Ina kallon wuyansa lokacin da zanen ya sauka. Bai gama ba, ya cika maƙogwaro zai ci gaba. Aku ba kalma ɗaya-ɗaya yake haddacewa ba, a jere yake ɗauka. Sallama da amsarta. Ƙarar waya da alo. Wannan ya ji baho, ya ji ke, ya ji ƙofa. Ke kin fita. Shi bai fita ba."

Yaya ta juya ta dubi kejin.

"Ban san abin da ke ciki ba," in ji tsohon. "Kar ki ce na yi miki alkawari. Yana iya zama kuka. Yana iya zama abin da ba za ki so ki ji ba, uwa ma mutum ce. In kin ce in ɗauka a rufe, yanzu zan ɗaura shi a keke, ba wanda zai sani har abada. In kuma za ki ji, sai an sake buga bahon. Kuma sai kin sake jin naki tukuna, daga farko."

"Yaya, ki bari kawai," in ji Maman 'Yan Biyu a hankali. "Wanda ya tafi ya tafi. In baki ta yi miki fa?"

Abin da ke ran Yaya ke nan tun kafin a faɗa. Shekara shida tsohuwar na kallon bango. Me mutum ke faɗa wa bango in an bar shi cikin ƙazanta an buga masa ƙofa? In Allah ya isa ce, yau za ta ji ta da muryar mai ita, a gaban ƙaninta, kuma babu sauran wanda za a roƙa.

Ta dubi Auta. Bai ce ta yi ba, bai ce ta bari ba.

Ta tashi. Ta yaye zanen da hannunta, ta ninke shi biyu, ta miƙa wa tsohon.

"Riƙe min, Baba. Ko na roƙe ka kar ka ba ni."

Ta sunkuya ta ɗauki bahon. Hannunta ya san inda yake kamawa. Ta buga shi a ƙafar gado.

Ƙwal.

"Na gaji da ke! Wallahi na gaji da ke! Na gaji!"

Ta runtse ido. Ba ta taɓa tsayawa ta saurari muryar nan ba. Ashe haka take da muni.

Garam!

Hannunta ya miƙa wajen tsohon da kansa. Tsohon ya mayar da zanen bayansa.

Shiru.

Akun ya sauko da kai. Ya matso jikin wayar kejin ta ɓangaren gado, inda matashin Inna yake a da. Ya yi wani dogon numfashi irin na wanda ƙirjinsa ya yi nauyi. Sannan, can ƙasa-ƙasa, da harshen nan mai jan ƙafa:

"Shhh. Kai, Ɗan Jarida. Kar ka faɗa wa kowa, ka ji?"

Maman 'Yan Biyu ta fashe da kuka.

"Kar ka faɗa wa kowa. 'Yata ce. Ta gaji ne. Allah ya yi mata albarka."

Bahon ya suɓuce daga hannun Yaya, ta tare shi da gwiwa kafin ya kai ƙasa, don kada ya sake yin ƙara. Ta durƙushe a wurin tana rungume da shi. Kukan bai fito da sauti ba. Kafaɗunta kawai ke rawa.

Ba sau ɗaya ba. Tsohon ya riga ya faɗa. Yau, gobe, jibi, har ta zauna masa.

An daɗe a haka. Akun ya koma gefe yana ɓare gyaɗa, kamar ba shi ba.

Tsohon ne ya fara magana. Ya ajiye zanen a kan kwali.

"Rana na yi, shagona na rufe. Amma ba zan tafi ban faɗa miki sauran ba, 'yata. Ba a tsinke masa magana a ɗauki rabi. In kin riƙe shi, duka biyun kika riƙe. Ba zai ba ki ta uwarki ba sai ya fara da taki. A shagonki, gaban masu kawo ɗinki, duk ranar da almakashi ya faɗo kan ƙarfe, za su ji. Kuma zane ya ƙare. In kika sake rufe shi, kashe shi kika yi." Ya gyara tabarau. "To, in ɗauka, ko in tafi?"

Yaya ta ajiye bahon a kan gado a hankali. Ta share fuska. Ta dubi ƙirjin nan jajur, da idon nan mai ruwan ƙwai da ke kallonta ta gefe.

"Ka yi haƙuri na ɓata maka safiya, Baba. Ka tafi."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki kejin.

Wani hannu ya riga nata kan mariƙin.

"Cika, Yaya," in ji Auta. "Ni zan ɗauka miki."